Yadda Dayis Ya Rufe Ma Kawu Labbo Ido

Ni fa ban nemi aikin jinya ba. Ina zaune lafiya lau a rumfata ta cajin waya bakin tashar Bukkuyum, ina tura ma mutane waƙoƙi ina shan rake, anka zo anka ɗora mini kan wani ƙato na yi ta fama da shi sama da wata guda. Ni Nura, da na gudo daga makaranta don ba ni son a tashe ni da sassafe, sai ga ni riƙe da kati cikin layin asibiti tun rana ba ta yi zafi ba. In ka tambayi Inna, cewa za ta yi lada na samu. In ni ka tambaya, gemu ne ya ja mini, gemun ma ba nawa ba.

Gemun Kawu Labbo ne, ƙanen Inna. Ɗan kabu-kabu ne, mashin ɗinsa shi ne gonarsa, shi ne shagonsa. Bai kai hamsin ba, amma furfura ta yi mishi sammako, kai da gemu duk sun yi fari. Da can ba wanda ya damu. Sai shekarun nan da hanyar Zugu ta fara ɓaci, ana tare mutane cikin daji. Fasinja sunka koma zaɓen direba kamar masu zaɓen kankana. Da kunnena na ji wata mata ta ce mishi, "Baba, ka yi haƙuri. In anka biyo mu, yaro nike so mai ƙarfin hannu." Ta wuce ta hau bayan Sagir, wani yaro da Kawu da kansa ya koya ma canza giya.

Kasuwa na zagayowa ya sayo dayis na rina gashi, irin baƙin nan na cikin kwali mai hoton wani mutum yana murmushi. Washegari ya shigo tasha da gemu baƙi wuluk. 'Yan kabu-kabu sunka tashi tsaye suna ta buga hon, ana cewa ga ango, ga ango. Amma fa abin ya yi aiki, fasinja sun dawo. Ya yi watanni yana shafawa, ba abin da ya same shi sai ɗan ƙaiƙayi ƙarƙashin haɓa, ya ce zufa ce.

Abin da ya dame shi, furfura ba ta da kunya. Ba a daɗewa sai ka ga fari ya leƙo daga gindin gashi. Sai Kawu ya yi nasa lissafin. Ya ga yadda mata ke ƙunshi: a shafa lalle, a ɗaure da leda, a bar shi ya daɗe, gwargwadon daɗewa gwargwadon kamawa. Ya ce ashe shi ne bai iya ba, yana saurin wankewa.

Wata safiya ta kasuwa, cikin bazara, ya ja ni bayan rumfa.

"Riƙe mini wayar nan in ga fuskata."

"Kawu, ni mai caji ne, ba madubi ba."

"Riƙe, ja'iri."

Ya dama abin nan cikin murfin roba, ya lafta ma kai, ya lafta ma gemu. Ya ɗaure kan da baƙar leda, ya ɗora hula, ya naɗe gemun da rawaninsa na tare ƙura. Na ga wasu lambobi da ƙananan rubutu jikin kwalin, amma Turancina bai wuce na fuskar waya ba. Ni dai kafin ya sa hular na ɗauke shi hoto da leda a ka, don in samu abin tsokana ranar da ya hana ni aron mashin.

Ya nuna ni da yatsa. "In Adda ta ji wanga zance, ni da kai ne. Rantse."

Adda ita ce Inna. Ita a wurinta namiji ya rina gemu baƙi abin kunya ne, kuma Kawu ya fi tsoronta da 'yan tare hanya. Na rantse. Ya tada mashin ya wuni yana Zugu yana dawowa cikin ranar nan mai dafa ƙwai, sai da yamma ya wanke.

Washegari na gan shi yana sosa kai da makullin mashin. Na ce, "Kawu, ba nan ake tada shi ba." Bai yi dariya ba. Wanshekare kuma bai fito tasha ba. Da na je gidansa, wallahi ban gane shi ba. Kai ya yi kamar tulu. Kunnuwa sun yi jawur sun kumbura, wani ruwa ruwan ɗorawa yana tsatsa ta bayansu da cikin gemu. Idanu kuwa babu su, sai layi biyu cikin nama. Ɗiyarsa ƙarama ta leƙo ɗaki ta gan shi, ta ƙwala ihu ta ruga bayan uwarta.

Kafin azahar gida ya cika da likitoci, ba mai takarda ko ɗaya. Wata ta ce iska ce ya gamu da ita a hanya, anka turara shi da hayaƙi har ya yi ta tari. Baffa Ɗanjuma, wani danginmu na Gummi, ya bugo waya ya ce ba wata iska, sammu ne, abokan tasha sun ga ya ƙwace fasinja. Mai kemis ya ba da ƙwaya da wani man shafawa, anka shafa, Kawu ya ce kamar an zuba mishi barkono. Inna kuwa ta dube shi ta ce, "Dalma ce. Ba na hana ka ɗaukar buhunan duwatsun nan na wajen Sunke ba?"

Mu nan tun da dalmar haƙar zinare ta yi ɓarna ga yara, ko tuntuɓe ka yi sai an ce dalma. Kawu ya yi wuf ya kama. "Ita ce, Adda. Dalma ce." Ya juyo da fuskar nan marar ido wajen da yake jin numfashina.

Abin da ya tada hankalin kowa, da safe murya ta canza. Yana magana kamar an shaƙe shi, kunu ma da ƙyar yake wucewa. Matarsa Anti Asabe tana jego, ɗiyansa maza ba su kai ba. Inna ta waiga, ta waiga, idonta ya sauka kaina.

"Inna, rumfa fa?"

"Bari ta ƙone."

Haka anka naɗa ni nas. Munka shiga mota sai garin Anka, don can ne anka san dalma. A motar da ake cusa mutane kamar buhu, ranar kujera guda anka bar muna mu biyu, ba wanda ke son ya raɓe mu.

A asibiti munka ishe layi har waje, mata da goyo birjik. Na yanki kati na tsaya, Kawu yana riƙe da gefen rigata. Ina cikin tunanin sai la'asar za a kai kanmu, wata nas ta zo wucewa ta ji yadda yake jan numfashi. Sista Rifkatu kenan, 'yar Filato ce, aiki ya kawo ta ƙasarmu. Ba ta tambayi kati ba. Ta kama hannunsa ta ce, "Ku biyo ni, yanzu." Anka kwantar da shi, anka yi mishi allura, anka sa ƙarin ruwa. Ina tsaye ina kallon ƙirjinsa yana hawa yana sauka. Ranar ce rana ta farko da na nemi abin tsokana na rasa.

Da numfashi ya daidaita, ta ja kujera.

"Baba, me ka shafa a kai?"

Mutum ba ya gani, da ƙyar yake magana, amma sai da ya ce, "Ni ba Baba ba ne."

"To, Yallaɓai. Me ka shafa?"

"Ba komi. Dalma ce."

"Dalma ba ta kumbura mutum haka." Ta ɗauki hularsa ta juya cikinta. Baƙi ƙirin, har ya ɓata mata safar hannu. Ta dube ni.

Na ce, "Sista, ni an rantsar da bakina. Amma ba a rantsar da wayata ba."

Na buɗe mata hoton nan na leda. Ta kalla, ta cije leɓe don kada ta yi dariya, ta kai ma likita. Allah ya taimaka kwalin ya fito a gefen hoton. Likita ya ja hoton ya ƙara girma, ya nuna mini wasu haruffa uku, PPD. Ya ce wannan ne sinadarin da ke sa baƙin ya kama, kuma shi ne ke yi ma wasu mutane haka. Sunan ciwon alaji. Kalmar ta zauna mini, har na yi kwanaki ina ce ma Kawu Alaji Labbo.

Kawu ya ce, "Likita, ai na daɗe ina shafawa, bai taɓa yi mini komi ba."

Likita ya ce, "Duk lokacin nan jikinka yana haddace shi ne. Wancan ƙaiƙayin gargaɗi ne. Kai kuma abin da ake wankewa bayan 'yan mintuna ka ɗaure shi da leda ka shiga rana. Yanzu jikinka ya yi gaba da shi har abada. Ko kaɗan ya taɓa ka, zai tashi, kuma na gaba yakan fi na baya."

Anka aske kan da gemun duka, a hankali, da almakashi, don reza ba ta taɓuwa. Da gemun ya fara zuba ƙasa na ga hawaye na fitowa ta layin idon nan. Ban tsokane shi ba, kuma ina son a rubuta mini ladar wannan daban.

Satin farko na san mi ake kira jinya. In jiƙa tsumma mai tsabta in goge ruwan da ke tsatsa, in shafa man da sunka rubuta, in kore ƙuda da kwali. In ba shi kunu da cokali. In kai shi bayi in tsaya bakin ƙofa kamar ɗan sanda. Na yanke mishi farce, duk da haka sai na riƙe hannuwansa, don in ƙaiƙayi ya taso ba ya sanin wa ke gabansa. Ya damu da alwala, wani dattijo a gadon kusa ya ce mishi ya yi taimama, Allah ya san halin da yake ciki. Magunguna rabi sai an fita waje an sayo. Akuyar Inna mai jan wuya ta tafi kasuwa ba ta dawo ba. Ni kuma tabarma a baranda, sauro sunka san ni da suna.

Ana cikin haka, wata rana da hantsi na ji ƙarar mashina a bakin asibiti. 'Yan tasharmu ne, ayari guda, waɗanda Baffa ya ce sun yi sammu. Sun zo da lemu da fura da abin da sunka tara. Sagir ya tsuguna gefen gado ya ce, "Oga, kada ka ji komi. Mashin ɗinka ƙanena ke ja, abin da ya samu kullum ana kai ma Anti." Kawu ya lalubo hannunsa ya riƙe. Da sunka tafi ya ce mini, "Nura, na zarge su cikin raina." Na ce, "Ka bari in idonka ya buɗe ka ji kunyar da kyau."

Cikin sati na biyu kumburi ya saɓe. Wata safiya ina goge mishi goshi sai na ga ƙwayar ido tana kallona.

"Kai ne?" in ji shi. "Ka rame."

"Kai kuma ka yi kyau, kamar dankalin da anka fere."

Anka sallame mu. A mota ya sake kama ni. "Adda ba ta ji ba, ko?" Na ce ba ta ji ba. Da munka isa gida ya ce mata likita ya ce zafin jini ne ya fito ta fata. Ni na koma rumfata, na ishe abokina da na bar ma tsaronta ya haɗa ma mutane batir ɗin juna, ana ta rigima.

Nan ne ɓoyon ya kusa kashe mu. Kan Kawu ya bushe yana ɓawo, yana ɗan zafi. Inna, baiwar Allah, ta san tun kakanni in fata ta yi zafi lalle ake sawa ya sanyaya. Ta aika gidan mai ƙunshin unguwarmu a samo mata kwaɓaɓɓe. Ni ban sani ba sai da na zo kawo mishi magani da la'asar. Na ishe shi zaune kan tabarma, kai a lafte, yana lumshe ido.

"Sanyi, Nura. Adda ta fi likita."

Na duba. Lallen da na sani kore ne. Wannan ya yi duhu kamar kwalta.

"Inna, wane lalle ne wanga?"

"Mai kyau ne, na amare. Wanda ke baƙi."

Ban san sadda na suri bokiti ba. Na juye mishi a ka, na sake ɗebowa, ina wankewa da sabulu ina ihu. Inna ta ɗauka na haukace, ta ɗauko muciya. Na ce, "Inna, dayis ne a ciki! Dayis ne ya kwantar da shi tun farko! Ba dalma ba, ba zafin jini ba, gemu ya rina!"

Muciya ta faɗi. Ta dubi ƙanenta, ta dubi hannunta da ta shafa mishi da shi. Na zaci za ta yi faɗa har a ji a Gummi. Ba ta yi ba. Ta shiga ɗaki ta jawo mayafi ta ce, "Nemo mota."

Wankewar ta rage, amma ba ta hana ba. Kafin gari ya waye ido ya sake rufewa, kai ya sake tsatsa. Sista Rifkatu ta gan mu ta riƙe ƙugu. "Nura, kewata kuka yi?" Da ta ji yadda anka yi, ba ta yi ma Inna tsawa ba. Ta zaunar da ita ta ce, "Mama, ba laifinki ba ne, ba a gaya miki ba. Lallen ganye daban, wannan baƙin daban. Abin da ke cikin na gashi shi ake zubawa a na ƙunshi don ya yi baƙi da wuri." Inna ta juya tafin hannunta ta ce ashe shi ya sa duk bikin da ta yi baƙin ƙunshi sai yatsunta sun yi ƙuraje.

Wannan karon Inna ce ta karɓi tsumma. Ta zauna gefen gadon tana gogewa. Ni na koma ɗan aike, kuma ban yi ƙorafi ba. To, na yi kaɗan.

Abin da na kwaso daga bakin Sista da likita, ga shi kyauta, ba sai akuyarku ta tafi ba. In za ka shafa dayis, ɗiga kaɗan bayan kunne ka jira kwana biyu, ko da ka saba shafawa. In ya yi ja ko ƙaiƙayi, ka rabu da shi. Kada ka wuce lokacin da anka rubuta, in ba ka iya karantawa ka ba wanda ya iya, ba irina ba. Kada ka ɗaure da leda, kanka ba ƙafar amarya ba ce. In leɓe ko maƙogwaro ya fara kumbura, ba hayaƙi, ba waya zuwa Gummi, asibiti kai tsaye. Kuma wanda zai yi jinyarka, gaya mishi gaskiya, don da hannunsa zai shafa maka abin da ya ga dama yana ganin taimako ne.

Allah ya saka ma Sista Rifkatu, wadda ta ji numfashi cikin hayaniyar layi. Allah ya saka ma likitan da bai yi ma Kawu dariya ba, duk da ya ga hoton leda. Da 'yan tasha, da dattijon taimama, da Anti Asabe da ta riƙe gida da jariri a hannu. Akuya kuma Allah ya sa ta faɗa gidan kirki.

Yanzu Kawu ya warke, sai ɗan duhun tabo bayan kunnuwa. Gashi ya fito, fari fat, ya fi na da, kamar ya dawo ɗaukar fansa. Ya koma tasha. Wasu har yanzu wuce shi suke su hau na yara. Wasu kuwa, tsofaffin 'yan kasuwa, shi suke jira, sun ce ya san hanyoyin cikin gona da yaran ba su sani ba. Ana dai ci ana sha. Likita ya ce in ya matsu yana iya gwada jan lalle na ganye zalla, wanda anka daka gabansa. Kawu ya ce jan gemu na limamai ne, shi da sauransa.

Na ɗauka magana ta ƙare. Sai ranar sunan ɗiyar wani ɗan'uwanmu, Baffa Ɗanjuma ya zo daga Gummi da tsaraba cikin aljihu. Wani kwali ne, kore, da hoton ganye. Ya ce wannan ba irin wancan ba ne, na ganye ne zalla, wani alhaji ya ba shi. Munka zauna tsakar gida, Inna na gefe tana tsince wake. Na ga Kawu yana juya kwalin nan a hannu yana lallaɓa shi.

"Kawu, aje."

"Kallo nike."

"Haka ka kalli na farko."

"Ai sai a gwada bayan kunne, ba haka sunka ce ba?"

"Wannan na masu lafiya ne. Kai cewa anka yi ko ɗigo."

Baffa ya ce yaran zamani sun cika tsoro. Kawu ya samu mai goya mishi baya, murya ta ɗaga. "Kai mi ka sani? Kana zaune cikin inuwa kana tura waƙa. Jiya wata ta dube ni ta ce Kaka. Kaka fa! Ta wuce ta hau na Sagir. Da mi zan ciyar da yara in kowa ya wuce mai furfura?"

Inna, wadda tun ranar bokiti ba ta sake sa baki cikin zancen gemun nan ba, ta aje faifai a ƙasa. Ko ɗago kai ba ta yi ba.

"Labbo, mai furfura dai na ga ana hawa mashin ɗinsa. Kai da ke tasha kullum, gaya mini, ka taɓa ganin wanda ya hau bayan makaho?"